Baiti na Uku

Ranar da Madam Verna ta haɗa ni da Doyle Meacham a gajiye nake, shi ya sa bakina ya yi sako-sako. Da a huce nake, da ko ƙwayar zarra ta rayuwata ban ba shi ba.

Madam Verna ce mai kamfanin da nake rubuta wa waƙa, wani tsohon gida mai bene a layin mawaƙa na Nashville, wanda aka mai da ɗakunan kwanansa ɗakunan rubutu. Ita ke tsara wa zai zauna da wa. Da hantsi kowa zai hau bene da jitarsa, fuska a murtuke kamar masu zuwa cire haƙori, kafin la'asar kuma ana so a sauko da waƙa. Ni daga nan sai in ɗaura farin ƙyalle a ƙugu in wuce gidan abinci ɗaukar faranti, don waƙar sabon shiga ba ta ciyar da mai ita.

"Yau da Doyle za ki zauna," ta ce da ni a ƙasan bene, tana gyara mini wuyar riga kamar za ta kai ni makaranta. "'Yar nan, ki riƙe harshenki. Da waƙoƙin mutumin nan aka yi rawa a bikin uwarki."

"Ba a yi rawa a bikin uwata ba. Cocinsu ya hana."

"Kin ji ko? Irin wannan nake faɗa miki."

Na tarar da shi ya miƙe ƙafa a kan tebur, tsoho mai dogon wuya da takalmin fata mai tsini. Aurensa uku ne suka mutu, kowanne ya bar masa waƙar da ta yi kasuwa da faifan zinariyarta a bango. Bai tashi ba, bai sauke ƙafar ba.

"Ke ce Farfesar? An ce digiri gare ki a adabi."

"Sunana Renna Tackett. Digirin kuma gaskiya ne."

"To, Allah ya ba mu haƙuri. Zauna. Mai digirin da aka kawo mini bara, kowane baiti sai ya sa farin wata. Na ce masa, ɗana, masu sayen waƙarmu kafin wata ya fito sun yi barci, aiki gare su da asuba."

"Ni ba na sa wata."

"Me kike sawa?"

"Abin da na gani."

"To me kika gani, Farfesa?"

Haka ake farawa. Ba a taɓa jita sai an yi hira, kuma kowa a layin ya san dokar hirar: abin da aka faɗa a ɗaki ya zama na ɗaki. Waƙar da mutum biyu suka fara, ba mai ƙarasa ta shi kaɗai, ba mai ɗauke ta ya kai wa wani. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma wanda ya taka ta zai wayi gari kowace ƙofa a rufe. Saboda na san haka, kullum labarin wasu nake zuwa da shi, abin da na tsinta a bakin masu cin abinci. A ranar kuwa ban zo da komai ba sai yatsuna da ke raɗaɗi. An yi sanyi mai tsanani, ƙanƙara ta daskare a gilashin motata, da kwalin kaset na kankare ta. Sai na yi ƙorafin hakan, don kawai in cike shiru.

"Ba ki da mai kankare miki ne?" ya ce.

"Da ina da shi."

"Ina ya tafi?"

"Yana nan inda yake. Ni na tafi."

Ya sauke ƙafarsa daga tebur. Da na ga haka ya kamata in yi shiru, amma gajiya ta riga ta kwance mini baki. Na ba shi labarin Lowell, mijina na da, can garinmu cikin duwatsun Kentucky. Duk safiyar sanyi, tun ban gama shiri ba, zai fita ya tayar da motata, ya kunna mata ɗumi, ya kankare gilashin tas. Ranar da zan bar shi ban gudu a ɓoye ba, tun ana gobe zan tafi na faɗa masa a fuskarsa. Da gari ya waye ina haɗa kaya, sai na ji ƙarar injin a waje. Na leƙa ta taga na gan shi cikin tsohon kwat ɗin ubansa, yana kankare gilashin kamar kowace rana.

"Har gefen fasinja ya kankare," na ce. "Alhali ba mai zama a wurin."

Doyle ya miƙa hannu ya ɗauko jitarsa ba tare da ya dube ta ba.

Ba zan rage masa komai ba, ya iya aikinsa. Ya ce kada kalmar baƙin ciki ta kuskura ta shigo baitin farko; a zuba kaya kawai, mai saurare ya ɗauki baƙin cikinsa da kansa. Na ba shi kwat mai yagaggen aljihu, na ba shi hucin bakin Lowell da ke tashi kamar hayaƙi, da fitilar baranda da aka manta a kunne. Ya jefar da rabin abin da na kawo, na jefar da rabin nasa. Ya kawo wani layi mai hawaye a ciki, na ce ba wanda ya yi kuka a ranar. Ya ce to a bar idanu a bushe, ya fi ciwo ma. Kafin azahar muna da baiti biyu da amshi:

*Ya san tafiya zan yi, bai ce ki zauna ba,*
*ya fita cikin sanyi ya ɗumama mini mota.*

Ya rera shi har sau ba adadi, yana lumshe ido. Sannan ya ja ni cin abinci, ya saya mini soyayyen kaza da wake da burodin masara, yana gaya wa duk wanda ya tsaya a teburinmu cewa Farfesa ba ta sa wata.

Da muka koma ya ce saura biya. Baitin farko ya nuna, na biyu ya juya, na uku shi ke biyan mai saurare ladan zamansa. Ya buga jita ya rera abin da ya tsara a hanya: matar tana birni ita kaɗai, tana kankare gilashinta da hannunta, hawaye na daskarewa a kumatunta, tana cewa da ta sani da ta juya motar tun kafin ta fita daga kwari.

"A'a," na ce.

"Wane layin?"

"Dukansu. Ban yi da-na-sani ba."

"Wa ya tambaye ki? Matar da ke cikin waƙa nake magana."

"Matar da ke cikin waƙa ni ce. Kwat ɗin na uban mijina ne."

"Yarinya, saurara. Tun ba a haife ki ba nake sayar da nadama a garin nan. Mutum ya taso aiki, ya shiga mota, yana da wani abu da ya tokare masa ƙirji tun shekarun baya, ba shi da inda zai ajiye. Mu ke ba shi wurin ajiya. In matar nan ta tafi tana kaɗa kai da murna, wa zai so ta? Mutum ya ɗumama mata mota!"

"Sai kada a so ta."

"Digirin ne ke magana."

"Ni ce ke magana, Mista Doyle. Digirin yana cikin akwati."

"To ni ba na sa hannu a waƙar da ba ta biya."

"Ni kuma ba na sa sunana a ƙarya."

Na mayar da jitata gidanta na fito. Ina kan bene na ji ya ɗaga murya: "Kin san doka dai!" Na sani. Shi ba zai ƙarasa ba ni ba, ni ba zan ƙarasa ba shi ba. Waƙar ta zauna a tsakaninmu kamar gonar gado da aka kasa rabawa.

Abin da Doyle bai sani ba, rabin labarin na ba shi. Motar tawa ce, da albashin koyarwa na saye ta, amma makullinta ɗaya ne, kuma a aljihun Lowell yake kwana. Na biyun ya ɓace tun shekarar farko, ba a sake yanko wani ba. Da safe shi zai tayar da motar ya bar mini makullin a jiki, in tafi makarantar da nake koyarwa. Da yamma in na dawo zan same shi a baranda, ya buɗe tafin hannunsa yana murmushi: "Kawo in ajiye miki, kada ki yar." In na ce akwai daren waƙa a garin da ke gaba da mu ina so in je, sai ya ce motar tana wata ƙara, bari gobe ya duba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko murya bai taɓa ɗagawa ba. Matan coci cewa suke na yi dace. Wannan rabin ne na riƙe, kuma da gangan na riƙe. Da na faɗe shi a ɗakin, da ya zama na ɗaki, rabinsa na tsohon da ke neman sa ni kuka. Na riga na miƙa makullin nan ga namiji ɗaya kowace yamma. Ban yi niyyar miƙa shi ga na biyu ba.

Sanyi ya wuce, bazara ta zo ta wuce. Na ci gaba da hawa benen. Na zauna da samari masu son waƙar babbar mota da yarinya mai gajeren wando, na zauna da wata uwar 'ya'ya da ke rubutu tana duba agogo saboda ɗauko yara. Na rubuta nadama iri-iri: ta mashayi, ta ɗan caca, ta wanda bai je jana'izar ubansa ba. Ba ta dame ni ba, tunda ba tawa ba ce. Ba kuma wanda ya ɗauki ko ɗaya ya rera. Da yamma ƙafafuna su kumbura a cikin takalmi, in yi wa baƙi murmushi, in ji waƙoƙin wasu na fita daga rediyon kicin. Akwai ranakun da nake zama a mota bayan na iso gida, ba don komai ba sai don hawa matakalar ɗakina ya yi mini nisa.

Doyle kuwa duk inda muka haɗu sai ya taɓa ni.

"Farfesa, nadamar ta nuna, ko har yanzu ɗanya ce?"

"Ko fure ba ta yi ba, Mista Doyle."

"Jira kike in mutu ko? Kada ki wahalar da kanki. In na mutu matana uku za su gaje ni, sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina neman izini."

"Zan fi saurin shiryawa da su. Ai mun san abu ɗaya."

Ya yi dariya har da tari. Amma bai sauko ba, ni ma ban sauko ba.

Ranar Lahadi Mama kan kira. Ba ta taɓa cewa in koma kai tsaye ba, zagaye take yi. Lowell ya zo ya gyara mata indararo. Lowell ya kawo mata itace. Lowell ya rame, a coci ma a baya yake zama.

"Renna Jo, ke dai kina lafiya? Kina cin abinci?"

"Ina ci, Mama."

"Jiya matar fasto ta tambaye ni ko an fara jin waƙarki a rediyo. Na ce mata ana nan ana shiri."

"Ana nan ana shiri, Mama."

Da sanyi ya sake kawo kai, Madam Verna ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ashe ta ɗauki kaset ɗin da muka naɗa ni da Doyle a ranar da muka fara zama, baiti biyu da amshi, ta kunna wa mutanen wata mawaƙiya mai tashe. Sun ce a ajiye musu, kada a nuna wa kowa. Baiti na uku kawai suke jira, kuma Doyle ya riga ya rera musu nasa a waya, sun ce shi suke so.

"Layi huɗu ne, 'yar nan. Ki ce kin yi nadama, ai ba gaban alƙali kike ba."

"Sunana zai fito a bayan kaset. Mama za ta karanta, matar fasto za ta karanta. Lowell zai saya ya sa a motarsa. Duk kwarinmu sun san kwat ɗin nan."

"To sai me? Su ce kin yi kewar mijinki. Mace nawa ce a garin nan ta ci abinci da abin da ya fi wannan?"

"Za su ce ga shi ta faɗa da bakinta."

Ta cire tabarau ta murza idanu. Ita ma a gajiye take, na gani.

"Renna, ina son ki, Allah ya sani. Amma ba gidan marayu na buɗe ba. In sanyin nan ya fita ba waƙarki a bakin kowa, ɗakinki zan ba wani."

Na ce na ji. Na fita na tafi ɗaukar faranti.

Kwanaki na yi ina juya abin. Hanya biyu na gani: in sa hannu a baitin Doyle, ko in bar waƙar ta ruɓe in ruɓe tare da ita. Ta ukun ina ganinta, kawar da kai kawai nake yi. Muddin makullin yana aljihuna, waƙar labarin mutumin kirki ce da mace mai butulci, kuma Doyle yana da gaskiya, irin wannan macen dole ta yi kuka a ƙarshe. Ni na gina ƙaryar da rabin gaskiyar da na bayar. Ba a gyara ta sai da ɗaya rabin.

Na sa Madam Verna ta rubuta mu tare. Da hantsi na hau bene, na same shi yadda na fara ganinsa, ƙafa a kan tebur, sai dai ya ƙara ramewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"A'a, Farfesa da kanta. Ta nuna ke nan?"

"Sauke ƙafarka, Mista Doyle. Hira na zo yi."

Ya sauke. Ban zauna ba, a tsaye na faɗa masa, ina kallon taga. Makulli ɗaya. Na biyun da ya ɓace. Ƙarar da mota ke yi duk ranar da nake son zuwa wani wuri. Tafin hannu a buɗe a baranda, da murmushin, da kawo in ajiye miki. Ban ƙara gishiri ba.

Doyle ya ɗaga kai ya dubi bango. A ɗakin da ke kusa da mu wasu samari na ta maimaita amshi ɗaya suna kuskure a wuri ɗaya. Idonsa na kan faifan tsakiya a bango.

"Nadine ba ta iya tuƙi ba," ya ce. "Matata ta biyu. Ta yi ta roƙona in koya mata, ina cewa gobe." Ya shafa haɓarsa. "Waƙa nawa na rubuta a kan tafiyarta. Ban taɓa sa wannan ba."

Na bar shi da faifansa. Ba lallashi na zo yi ba.

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun ranar?"

"Ka san doka dai."

Ya dube ni, sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "To yanzu rabin makullin nawa ne."

"Na sani. Shi ya sa na riƙe shi shekara guda."

Ya ɗauko jitar ya ɗora a cinya, bai buga ba tukuna.

"Waƙar dai sai ta biya, Farfesa. A nan ban canza ba. Dole wani ya yi nadama."

"Ban hana ba. Ba ni ba ce dai."

"A'a, ba ke ba ce." Ya taɓa tsirkiya ɗaya. "Shi ne. Mun sa waƙar a bakin da ba nata ba. Juya ta za mu yi, namiji ya rera."

Wannan ma sai da na haɗiye shi da ƙyar. Labarina ne, ga shi zai fita da muryar Lowell, mutane su tausaya masa. Amma a bakinsa ne kaɗai makullin zai zama ikirari. A bakina ƙorafi za a kira shi. Na zauna na buɗe gidan jitata.

Ba mu fita cin abinci ba a ranar. Muka warware baiti biyun muka sake ɗinka su ta ɗaya fuskar. Amshi ya koma *na san tafiya za ta yi, ban ce ki zauna ba*. A baiti na uku muka yi faɗa a kan kowane layi. Ya so mutumin ya roƙi gafara, na ce Lowell bai san ya yi laifi ba balle ya roƙa. Na so a faɗi abin ƙarara, ya ce kada in yi wa mai saurare huɗuba, in nuna masa hannu kawai. A nan na yarda da shi. Muka bar mutumin a baranda da yamma, ba mota a tsakar gida:

*Kowace yamma hannuna kan buɗe da kansa,*
*yana jiran makullin da ba nawa ba ne tun farko.*

Doyle ya rera shi sau ɗaya, ya ajiye jitar, ya ce gahawar nan ta yi sanyi, ya fita ya daɗe bai dawo ba.

Madam Verna ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan baki. Da kaset ya tsaya ta ce, "Ta fi kyau. Kun kuma kashe ni." Mawaƙiyar ba ta da abin yi da waƙar namiji, mutanenta suka janye. Da sanyi ya fita, Madam Verna ta cika maganarta. Ta rungume ni a ƙasan bene tana share ido, ta ba wani yaro daga Texas ɗakina. Na koma ɗaukar faranti dare da rana. Doyle ne kaɗai ya ware mini rana ɗaya a mako, ya ce shi ba a tsara masa wanda zai zauna da shi, ya wuce nan.

Waƙar ta yi ta yawo a layin, ana saurare ana cewa ta yi nauyi. Sai da wani sanyin ya sake zagayowa sannan wani saurayi mai faffaɗar hula ya ɗauka. Ya rera ta da kyau, ba ni da abin cewa. A kicin na fara jin ta, ina riƙe da faranti a hannu biyu. Mai suya ya ƙara muryar rediyo ya ce, "Kai, wannan ta taɓa ni." Na ce masa teburin kusa da taga na jiran kazarsu.

Ranar Lahadi Mama ta kira, tana cike da murna. Matar fasto ta ji. An sayi kaset ɗin an ga sunana. Lowell ma ya ji a garejin da yake aiki, har ya zo gida takanas.

"Me ya ce?" na tambaya. Ban so in tambaya ba, bakina ne ya riga ni.

"Ya ce in gaya miki ta yi daɗi ƙwarai. Ya ce wai a ina kika samo irin wannan mugun mutum, mai ƙwace wa matarsa makulli?" Ta sauke numfashi. "Kin gani ko, Renna Jo? Akwai matan da ke fama da irin waɗannan. Ke kuwa Allah ya ba ki Lowell."

Na jingina goshina da bango. Na ji dariya na taso mini, amma ba ni da ƙarfin yin ta.

"Na ji, Mama. Ki gaishe da matar fasto."

Washegari ƙanƙara ta sake rufe gilashi. Na laluba cikin mota na samo kwalin kaset, na kankare gefena, na bar na fasinja yadda yake. Yatsuna suka yi raɗaɗi kamar kullum. Na zaro makullin daga aljihuna na tayar da motar, na zauna ina jiran ta yi ɗumi.

Da na hau bene Doyle ya riga ya zuba gahawa kofi biyu.

"To, Farfesa. Me kika gani?"

Na ajiye jitata, na zauna, na miƙe ƙafata a kan teburinsa.

"Ni na zuba nawa, Mista Doyle. Yau kai ne. Fara daga Nadine."